Na wanke ƙofar gida a Lozells

'Yan uwa, yau saura ƙiris in karya mijina da hannuna.

Wata biyu ke nan da zuwana unguwar Lozells a Birmingham. Da safe na leƙa, snow ɗin jiya, wato dusar ƙanƙara, duk an tattake shi a ƙofar gida, ya yi baƙi ƙirin. Na ɗumama ruwa bokiti guda, na wanke matakala har bakin titi, tas, yadda nake yi a Zariya.

Mijina, Baban Ilham, ya fito zai tafi shift ɗinsa a wurin aiki. Yana taka matakala sai ga shi zaune a ƙasa, flask ɗinsa ya gangara ƙarƙashin mota. Ashe ruwan ya daskare kamar gilashi!

Ya ce, "Hadiza, wa ya zuba ruwa nan?"

Na ce, "Tsafta na yi."

Ya tafi yana ɗingishi.

Sai ga maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Jamaika, da ledar gishiri. Ta yi maganar council, wato hukumar gari, sun daina wani abu, ban gane Turancinta ba. Na karɓa na yi godiya, na nufi kicin da shi.

Ta ce, "No, love." Ta karɓe, ta barbaɗe shi kaf a matakala. Ashe gishiri ke narkar da ƙanƙara.

Gishirin miyar wata guda, a ƙasa, ina tsaye ina kallo.