Malamin da Ya Kwanta Bisa Wawa

Ni, babban sufeton lakkol, wato makarantun boko, wanda daraktocinsu ke miƙe wa tsaye, ina sanar da rasuwar Mushe Manzo (Mushe muke ce wa malamin lakkol), malamin filozofi, wato falsafa, a Filinge, ranar Talata tara ga Rajab, bayan jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mushe, ka daɗe kana karantar da littafin nan mai tambaya: in zalunci ya ishi mutum har ya ce a'a, ya halatta ya kashe? Ka kai ta aji, ka kawo ta fadar shayi. Can wani ɗan iska yakan kwaikwayi tafiyarka, ya ce tunda littafinka ya ce duniya ba ma'ana, ka bar mishi motonka, babur ɗin da kake hawa. Sai ka yi dariya ka miƙa mishi shayi. Daga ba'arsa aka fara cewa kafirci kake koyarwa. Har wurin zaman makokinka ana raɗa wannan, matarka Safiya tana ji.

To a saurara. Wata ran kasuwa wawan nan ya rufe fuska da rawani, ya naɗe taɓarya cikin zane kamar bindiga, ya shigo bisa moto don ya tsorata abokansa. A wannan zamani! Mutanen da aka kashe wa dangi a ƙauyuka suka kayar da shi, har an aika neman fetur. Kai ka keta taron ka kwanta bisa shi, sanduna na sauka bayanka.

Ka ce: "Kisa ne ya sa kuka ce a'a. In kun kashe wannan, mi kuka ƙi?"

Kafaɗarka ba ta sake miƙewa ba. Bayan nan da hagu kake rubutu a allo, kuma ba ka taɓa yi mishi gori ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Inna Safiya da yara, Allah Ya ba ku haƙuri.

Sauran magana: ba wani sufeto. Na ari sunan ne don na san in aka ga nawa ba mai karantawa. Ni ne Tahiru na taɓarya. Makarantar allo kaɗai na yi, da ajami na rubuta, ƙanwata Jamila ta juya shi boko. Ta ce in cire ƙaryar farko. Na ce a bar ta, Mushe ya san halina.