Barcin Ranar Da Aka Mayar Walittaka

Lokacin da wannan abu ya faru ni bazawara ce. Mijina ya rasu a Bakura, na gama takaba na kwaso 'ya'yana na dawo gidanmu a Talata Mafara. Mahaifinmu limamin masallacin unguwa ne, har mu ɗiyansa Malam muke ce masa. Tunda ina gida, abincinsa da wankinsa da shimfiɗarsa duk suka dawo hannuna. Yayyena maza biyu kuwa aikinsu naɗa rawani da zama a zaure suna karɓar gaisuwa a madadinsa.

Tun muna yara Malam yana ƙailula, ɗan barcin nan na tsakar rana da ake cewa sunna ne, kuma kafin ladan ya kira azahar ya tashi da kansa. To sai barcin ya fara miƙewa. Ya kwanta da hantsi sai an tashe shi salla, ya ci abinci ya koma. Yana cikin biya wa ɗalibi karatu sai ka ga kai ya langaɓe. Wata rana ya shanye furarsa tas, ina ɗauke ƙwarya ya tambaye ni yaushe zan kawo masa fura. Na samu babban yayanmu na gaya masa, ya dube ni sheƙeƙe ya ce mace me ta sani game da bayin Allah, ai wanda ya raya dare da ibada dole ya rama da rana. Raya dare! Ni da ɗakina ke jikin nasa na san rabonsa da tashi nafila an daɗe.

Kafin ka ce kwabo magana ta bazu, wai Malam ya kai matsayin da in ya rufe ido ganawa yake da magabata. Su yayyen nawa suka shuka zancen, su suka yi masa ban ruwa. Mutane har daga Kaya da Damaga suke zuwa, su durƙusa a bakin ƙofa suna kallon tsoho yana minshari, baki buɗe, ƙuda na bin gemunsa, su shafa addu'a su tafi. In ya farka a ruɗe ya kira sunan wanda ya daɗe a kabari, sai ƙaramin yayana ya gyara zama ya ce wa baƙi sun dai ji da kunnensu, yanzun nan suka rabu. Tir! Wallahi jahilcin da ya sha rawani ya fi kowanne muni. Na roƙe su mu kai shi asibiti, suka ce so nake in tozarta gidan malamai a ce limami ya taɓu.

Duk da haka ba su daina tura shi limanci ba, don ranar da ya daina fita ranar za a fara tambaya. Wata la'asar suka tashe shi daga barci, suka kama hannunsa har gaban sahu. Maƙwabcinmu da ke sahun farko shi ya ba ni labari. Malam ya kai goshi ƙasa bai ɗago ba. Jama'a na ta subhanallahi, ashe barci ne ya ɗauke shi a sujada. Da ya farka sai ya zauna, ya juyo ya dubi mutanen da ya yi shekara da shekaru yana ja wa salla, ya tambaye su su wane ne, kuma ina innarsa. Da aka ɗaga shi rigarsa a jiƙe take. Masu rawani suka sulale ta ƙofar gefe. Maƙwabcin nan ne ya lulluɓe shi da tasa rigar ya kawo mini shi gida.

Ban nemi izinin kowa ba, na sa aka samo mota muka tafi Gusau. Likita ya tambaye shi wane gari yake, bai sani ba. Ya ce mini cutar mantuwa ce ta tsufa, kuma barcin rana da ke ta ƙaruwa yakan zo tare da ita tun da wuri. Ya ce ƙailula ba ciwo ba ce, canjin ne abin dubawa. Cutar ba ta warkewa, amma da mun zo da wuri da an duba sauran lafiyarsa, an sauke masa nauyin jama'a cikin mutunci.

Yau babban yayanmu ne liman. Masu neman tubarraki sun ɗauke ƙafa, wasunsu ma su ne suka fi kowa iya kwaikwayon tambayar da ya yi a masallaci. Yayyena kan leƙo daga bakin ƙofa su ce Allah ya ƙara sauƙi, ba wanda ya taɓa wanke masa ko hula.

Abin da na koya shi ne, masu kambama tsoho sau da yawa inuwarsa suke sha, ranar da ta gushe ba ka ganin ƙeyarsu. Don Allah jama'a, in barcin tsohonku ya canza, ya fara maimaita tambaya, ku bar fassara ku kai shi a duba shi, ko da duk dangi za su zage ku. Ni na tsaya jiran yardar masu rawani. Yanzu in na kai wa Malam abinci sai ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka, ya ce in na koma gida in gaishe masa da mahaifina.