Sunan Ɗan Fari a Lasifika

Kifi nake soyawa a bakin tabkin Madarumfa. Da shi na ciyar da ƴaƴa bayan rasuwar ubansu. Ban yi karatun lakwal ba. Ɗana na fari ya yi, har jami'a.

Tun da na haife shi ban taɓa faɗin sunansa ba. Haka ake yi wa ɗan fari. Kakarsa ta yaye shi, ita ta riƙe shi. "Kai" nake ce masa, shi ya ce mini Yaya. Ko lokacin da ƙyanda ta kusa ɗauke shi, a bayan zana na tsaya ina sauraren numfashinsa.

Bara da rani ya zo da malamansa, mota cike. Wai jami'a ta fara koyar da kyawawan ɗabi'u, suna bin garuruwa su ji yadda kowace al'umma ke tarbiyya. Da su da wata malama baƙuwa daga wata ƙasa. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Na bar kaskona a hannun maƙwabciya wadda ba ta iya juya tarwaɗa ba.

Sun yi ta magana har na fara gyangyaɗi. Sai baƙuwar ta ce a ƙasarsu yaro yana ƙaruwa idan ya ji yabo daga bakin iyayensa. Don haka kowa ya tashi, ya kira ɗansa da suna, ya yabe shi gaban jama'a. Da uwar tafintansu za a fara. Tafintan kuwa shi ne nawa.

Ya durƙusa kusa da ni.

"Yaya, ki rufa mini asiri. Ni na kawo su garinmu. Na ce musu za ki yi."

"Kai da wa kuka yanke?"

"Sau ɗaya ne fa."

"Gobe kuma in goya ka in zaga kasuwa?"

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ahayye, yau za mu ji!"

Na dube shi. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, malamansa sun zuba masa ido. In na ƙi, ya zama maƙaryaci a gabansu. In na yi, na zama abin zance a bakin tabki.

Na tashi. Aka miƙo mini lasifika.

Na ce, "Ga shi nan. Ba ya ɗaukar abin mutane. Yana gaida manya."

Baƙuwar ta tambayi suna. Na ce, "Yana da baki." Na zauna.

Rumfa ta ɗauki dariya. Ya tsaya yana yi musu bayani da Faransanci, ya daɗe. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata masa. Sai na ji tafi. Baƙuwar ta zo ta riƙe hannuna biyu, duk da ƙarnin kifi.

Da la'asar ya same ni ina kankare tarwaɗar da ta ƙone. Ya ɗauki ɗaya ya ci a tsaye.

"Yaya, ashe kina lura da ni."

"Ci ka tafi."

Bai tafi ba. Wai sun ce in zo Maraɗi, in tsaya gaban ɗalibai, in bayyana musu mene ne kunya. A lasifika.

Na ce ya matsa, yana tare mini iska.