Ranar Da Anti Mai Murya Ta Nemi Tata Ta Rasa

Kullum da safe Anti Mai Murya takan kurɓi ruwan ɗumi, ta naɗe wuyanta da gyale, ta shige ɗakin nan mai bangon soso inda ake ɗaukar sauti. Da ƙuruciya ta ɗan fito a talabijin, amma da aka gano abin da ke maƙogwaronta sai aka mai da ita bayan fage. Muguwar gwaggon nan da kuke tsine wa a wasan yamma, muryarta ce. Marainiyar da gwaggon ke gallaza wa ma ita ce dai. Mai haɗa sauti ya shaida ranar da ta daka wa kanta tsawa, ta juya ta fashe da kuka, shi kuwa ya rasa wa zai lallasa.

Ke ce mai kukan da ba naki ba, Anti. Masu fuska suka sha tafi, ke kika koma gida da ciwon wuya.

Kwatsam likita ya ce ta ajiye aikin ko muryar ta tafi gaba ɗaya. Ranar sallama darakta ya ce abu ɗaya ya rage: ta gode wa masu kallo da muryarta ta ainihi, su san ta ko sau ɗaya ne.

Ta matso kusa da makirufo. "Jama'a, na gode." Sai ga muryar gwaggo!

"Anti, ai korar su za ki yi," in ji mai haɗa sauti.

Ta sake, sai ga marainiya har da shessheƙa. Ta sake, sai muryar tsohuwar nan da take yi a tallar sabulu.

"Taki muke so."

"Yo wacce ce tawa?" Ta waiwayi 'yarta da ta rako ta. "Ke, da wacce nake muku magana a gida?"

"Mama, ya danganta da laifin da muka yi."

Kowa ya tuntsire ban da ita. Ke nan za ta tafi ba wanda ya taɓa jin ta?

Ana haka wayarta ta yi ƙara, yayanta ne.

"Na'am, Yaya. Wallahi na rikice, ban san me suke so ba."

Siririyar murya ce, a dishe, tana ɗan rawa. Na'ura kuwa tana ɗauka. Mai haɗa sauti ya kunna mata.

"Wace baiwar Allah ce wannan?"

"Ke ce, Anti."

"Haka nake? Ikon Allah." Ta mai da wayar kunnenta. "Yaya, kar ka kashe. Kana kashewa muryar za ta gudu."

Haka ta yi godiyar, waya a kunne, tana kallon ƙasa.

Mun gode, Anti, Allah ya huta gajiya. Ku 'yan baya masu rububin a ga fuskokinku, ku koyi irin aikinta. Mu kuma mun ji ki, kuma taki ce ta sa mu hawaye.