Baƙin Tsumma a Kan Dundu

Kawuna, yayan mahaifiyata, maharbi ne, kuma har gobe ban ga wanda ya kai shi iya tsokana ba. A Damagaram duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya riƙe alli, mushe ake ce masa, wato malam da Faransanci, ni ma na yi shekaru ina amsawa ba tare da na ji komai ba. Amma a bakin Kawu kalmar tana da wani wari. Idan na sauka daga mota a ƙauyensu, can wajen Dogo, da takalmina mai igiya, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mushe ya iso. Mu dai a daji in mun ga mushe ratsewa muke." Mutane su yi dariya, ni ma in yi, tunda na san hanyarsa ke nan ta yi mini maraba.

Gabas da ƙauyen akwai wani kwari da ba gonar kowa ba ne. Kaba ce da sabara da dundu mai ƙaya, sai goriba nan da can. Makiyaya suna ratsawa, mata suna itace, masu tabarma suna yankan kaba. A nan zabin daji suke saka ƙwai idan damina ta faɗi. Tun zamanin kakanni, da an yi ruwan shuka sai babban maharbi ya je bakin kowace hanya da ke shiga kwarin, ya ɗaura baƙin tsumma a reshen dundu, ƙulli uku. Sai a ce an ɗaure kwari. Daga ranar ba mai ɗiban ƙwai, ba mai ɗana tarko, ba mai shiga da kare. Sai an yanke gero, 'ya'yan zabi sun yi fiffike, sannan wanda ya ɗaure ya je da kansa ya kwance. Ba mai shela, ba mai gadi. Akwai tsumma, ka wuce. Babu tsumma, Allah ya ba ka sa'a.

Ɗaurin ya zo hannun Kawu tun ina yaro. Duk bazara yakan shigo birni wurin mahaifiyata ya karɓi tsohon baƙin zanenta na rini, ta yi ta mita wai ya mai da ta rumbun tsumma, shi kuma ya zauna a zaure yana yaga shi siri-siri. Da ta rasu ya kwashi ragowar zannuwanta baƙaƙe, ya ce za su kai shi iyakar kwanansa.

Ba zan iya cewa ga shekarar da leda ta ci dajin nan ba. A hankali ta zo, kamar furfura. Iska tana kwaso ta daga kasuwa da bakin titi, ƙaya tana kamawa. Sai kuma masu bindiga na birni, waɗanda ke zuwa da mota ranar Lahadi. Su harbi abin da suka gani, su ci abinci a inuwa, su tafi su bar gwangwanin sardin da kwanson harsashi da ledar ruwa. Kawu ba ya kiransu maharba, masu bindiga yake cewa. Na sha ganinsa yana bin sawunsu da buhu yana tsince abin da suka zubar, yana magana shi kaɗai. Kafin a ankara kowane dundu ya yi baƙi da leda, tsumman Kawu ya zama sai mai ido. Mutanen karkarar dai suna ganewa, don leda tana kaɗawa da ƙara, tsumma kuwa a rataye yake shiru da ƙullinsa. Zabin ma sun ragu ƙwarai. Garken da a da yakan tashi ya rufe maka rana ya koma ɗan abin da Kawu ke lissafawa da yatsu, kuma ya san gurbin kowace zabuwa.

Bayan na ajiye alli, zaman gida ya ishe ni, sai na samu aikin tafinta a wani foroje, wato shiri, na kare muhalli. Shugabarmu wata matashiya ce daga Yamai, muna ce mata madam. Ba zan ci amanarta ba, mace ce mai aiki da zuciya ɗaya. Na ga ta zubar da hawaye a kan akuyar da aka yanka aka tarar da cikinta cike da leda. Sai dai a karatunta duk mai riƙe da baka ko bindiga abokin gaban daji ne, kuma ba ta taɓa zama da maharbi ba balle ta ji ta bakinsa.

Ni na kai su ƙauyen Kawu, ina taƙama. Aka yi taro a gindin tsamiya, ruwan shuka ya kwana goma da sauka. Madam ta yi bayani da Faransanci, ina juyawa. Ta ce za a zo a share kwarin tas, kuma lokaci ya yi da za a bar farauta don muhalli ya huta.

Kawu ya gyara zama ya ce, "Mushe, tambaye ta. Ta taɓa cin zabon daji?"

Na tambaya. Ta ce a'a, kuma ba ta da niyya.

"To ranar da ya ƙare wa zai gaya mata? Ni da nake cinsa, ni nake ƙirga shi." Sannan ya ɗaga yatsa. "Shara kam muna so, Allah ya saka. Amma ka gaya mata kwarin a ɗaure yake. Kar a taɓa tsumma."

A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na dubi madam da littafinta, na dubi samarin buro, ma'aikatan ofis da suka zo tare da ita, sai na ji kunyar in ce kawuna yana tsare daji da yagaggen zanen uwata. Na san abin da za su ɗauka: camfi, ko tsafin maharba. Sai na ce mata tsohon ya ce suna murna da shara, kuma su ma suna kula da wurin a gargajiyance. Ta yi murmushi ta rubuta. Kawu ya ga ta rubuta, ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta.

Ranar shara mutanen ƙauye duk suna gona, ana noman farko. Muka zo da kamyo, babbar motar kaya, cike da matasan birni, kowa da riga iri ɗaya da safar hannu. Gaskiya sun yi aiki. Ƙaya ta yayyage su, ba su fasa ba, duk wani baƙin abu da ke jikin reshe sai da suka cire. Ni kuwa gwiwata ta matsa mini, na zauna a inuwar mota ina ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da la'asar aka tara buhuna, aka jeru aka ɗauki foto. Kwarin ya yi kyau, ban taɓa ganinsa haka ba tun ƙuruciya, har na ji daɗi.

Wajen loda buhunan ne ɗaya ya fashe. A cikin ledar da ta zube na hango ƙulli uku. Na duƙa na ɗauka. Na san zanen, har ɗan farin zaren da ke bakinsa na sani. Na yi tunanin in koma in mayar, sai na tuna hanyoyin da yawa, ban san dundun da aka cire kowanne ba, kuma ba hannuna ya kamata ya ɗaura ba. Na yi tunanin in bi Kawu gona, ga hadari ya haɗo, direba yana ta danna oda. Na cusa tsumman a aljihu na ce gobe da sassafe zan dawo. Gobe ta zama rahoto, jibi ta zama wani taro, sai gwiwa, sai ruwa ya ɓata hanya. In faɗi gaskiya, ba hanya ce ta hana ni ba, idon Kawu nake gudu. Kwana tara na yi.

Na same shi a ƙofar gida a kan buzu, tare da wani dattijo daga ƙauyen da ke ƙetaren kwarin. Dattijon yana ta ba da haƙuri.

"Wallahi mun duba, ba tsumma a hanyarmu. Muka aika aka duba ta arewa, nan ma babu. Muka ce ko bana kun kwance da wuri ne, tunda baƙi sun shiga da kamyo. Ƙwan an riga an sa wa kaji. Uwayen kuwa, ka san zabuwa in tana kwanci ba ta tashi. Karnuka ne."

"Gurbi huɗu ne," in ji Kawu.

"Huɗu muka gani."

"To ba saura." Ya shafa gemu. "Ba ku da laifi. Abin da ido ya gaya muku kuka bi."

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Dattijon ya yi sallama ya tafi, aka bar ni da Kawu. Ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba, ga shi ban yi aikin komai ba. Na so ya yi faɗa, ya zage ni, ya ɗaga sanda ma in ya ga dama. Bai yi ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi gwiwa. Sannan ya ce, "Yarinyar nan ta rubuta a littafi, na gani da idona. Ashe rubutu ma mantuwa yake."

Da na yi shiru, da maganar ta tsaya a kan madam, ita kuma ba za ta taɓa ji ba. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma na san wane ne maratayin. Na ce, "Kawu, ba ta manta ba. Ni ne ban gaya mata ba." Na ciro tsumman na miƙa masa, na faɗi yadda aka yi, har da kunyar da na ji, har da kwana taran.

Ya karɓa ya daɗe yana juya shi. Sannan ya sa farce ya kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ya shimfiɗa shi a cinya ya goge da tafin hannu, ya miƙo mini.

"Riƙe, zanen uwarka ne. Ni ba abin da ya rage in ɗaure."

Foroje ya cika wa'adinsa ya tashi, hoton sharar nan yana cikin rahoto, ina tsaye a gefe ina murmushi. Leda ta koma kan dundu kafin kaka. Masu bindiga ma sun daina zuwa, tunda ba abin harbi. Ina zuwa gaida Kawu duk wata, ya tsufa sosai, bakansa yana rataye a zaure, tsarkiyar ta saki. Yana karɓata da mutunci, ya sa a kawo mini fura, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da na sauka daga mota nakan ɗan tsaya a gabansa da takalmina mai igiya, ina jira. Sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, sannu da zuwa."