Sa Hannun Baban Auta

Ranar da na fara saninta sosai, shayi na kifar mata a kan takarda. Ni mai buga wa mutane wasiƙu ne a wata rumfa kusa da ofishin da ake buga hatimi, kuma ina da wani hali: in ina ba da labari sai hannuna ya taya bakina. Gwiwar hannuna ta doki kofi, shayi ya malale a kan wasiƙar da na gama buga mata. Ko harara ban samu ba. Cewa ta yi, "Sake bugawa, Akawu, ba ni da lokacin fushi."

Tela ce, kowa Maman Auta yake ce mata. Shekara ashirin tana kan keken ɗinki a wani shago mai faɗin tabarma biyu, allura a baki, tef a wuya. Autar tata shekararta takwas, da ciwon zuciya aka haife ta. In ta hau matakala biyar sai ta tsuguna tana neman numfashi. Wani asibiti a ƙasar waje ya sa musu ranar aiki, Alhamis. Fasfo ya fito, biza ta fito. Saura abu ɗaya: ba a barin uwa ta fita da yarinya ita kaɗai sai da takardar yardar uba.

Uban kuwa bai gudu ba, bai ƙi ba. Yana kwance a ɗakinsu na hawa na uku tun bara da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta kai masa wasiƙar, ta kafe ta da allurai a jikin matashi don kada ta zame, ya sa hannu da hagu, gumi na keto masa.

Da ta kai ofis, mai hatimi ya duba, ya turo mata abarta. "Wannan bai yi kama da na jikin katinsa na shaida ba. Kuma ban gani da idona ba."

"Ranka ya daɗe, hannun da ya yi wancan ai ya mutu."

"To a kawo shi ya dangwala yatsa ina kallo."

"Ba ya tashi. Ko za ka taimaka ka zo gidan?"

"Hatimi ba ya fita daga ofis. Ƙarfe biyu muke tashi."

Talata ce, jirgi kuma gobe da safe. Ta koma gida a guje. Mazan gidan duk sun tafi aiki, matakalar kuma ƙunci gare ta, ko katifa sai an naɗe take wucewa. Ta tsaya a tsakar ɗaki tana kallon mijinta, tana kallon Auta. Sai ta sauka shagonta da ke ƙasan gidan, ta jawo yadin labulen da wata ta kawo ɗinki, ta ninka shi biyu, ta bi shi da keke sau uku. Ta hau, ta durƙusa a bakin gado, ta goya maigidanta, ta ɗaure a ƙirji.

"Sauke ni," in ji shi, baki a karkace. "Mutane za su gani."

"Su gani. In kunya kake ji, rufe ido."

Haka suka sauko, ƙafafunsa na jan matakala, Auta na biye da takalmansa tana hutawa a kowane hawa. Ƙarfe biyu saura kwata motar tasi ta ajiye su a gaban rumfata. Ya dangwala babban yatsan hagu, hatimi ya sauka.

Da suka fito na tarar da ita zaune a ƙasa, ta dafe ƙugu, ta kasa miƙewa. Bakina da ba ya zama lafiya ya ce, "Maman Auta, da kin faɗa mini, ai da na shiga na ce ni ne mijin, na sa hannu, an wuce wurin."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ko kofin shayi ka kasa riƙewa? Ɗaga ƙafarka, labulen mutane kake takawa."