Sau Uku Ake Hana Tsohuwa Tafiya

Shu Wenlan mai haɗa magunguna ce a wani kanti da ke Hangzhou. Shekarunta talatin da shida, kuma tun tana 'yar makaranta a Jinhua aka san ta da shirya abu tun kafin lokacinsa. Ƙawayenta na cewa ranar bikinta ma sai da ta ware lokacin da za ta yi kuka. Ta auri Dai Heng, injiniyan gadoji marar yawan magana, suka sami 'ya ɗaya, Duoduo. Da haihuwa ta matso, uwar mijin ta taso daga ƙauyensu na Anhui da tuluna biyu na ganyen tsami, ta ce wata guda za ta yi, na jego. Shekara biyar ke nan tana ɗakin da ke kallon gabas.

Ba wanda ya taɓa jin Wenlan ta yi ƙorafin surukarta. A kanti takan ce ta yi sa'a. Sai ranar da aka yi taron iyaye a makarantar yara, Duoduo ta hau dandamali ta rera waƙa da harshen ƙauyen kakarta, tana jan wasula kamar mai kiran agwagi. Iyaye suka yi dariya, irin ta sha'awa. Wenlan ma ta yi. A satin ta nemi ofishin da ke kawo 'yan mata daga ƙasashen waje su zauna a gida kamar 'ya'ya, su yi wasa da yara da Turanci, su kuma su koyi yaren ƙasa.

Aka haɗa ta da wata Bethan, 'yar Birtaniya mai shekara ashirin da biyu. Sun gaisa sau biyu ta waya, suka amince da juna. Daga nan Malama Pei ta ofishin ta kira ta jera mata abin da ya rage: takardar gayyata don biza, inshorar lafiya, gurbi a makarantar koyon yare, layin waya, da kai baƙuwar ofishin 'yan sanda a yi mata rajista cikin kwana ɗaya da saukarta.

“Sai ɗaki,” in ji Malama Pei. “Nata ita kaɗai, mai ƙofa da taga. Ki turo min hotonsa. Ban da ɗakin ajiya, Maman Duoduo, na san halin mutanen Hangzhou.”

Ɗaki uku ne a gidan: nasu, na Duoduo wanda gado ɗaya ya cika shi, sai na tsohuwa. Wenlan ta san wannan tun kafin ta kira ofishin. Ba ta faɗa wa kanta cewa ta sani ba.

A kan tebur ta kawo maganar, suna cin kifi da shinkafa.

“To wannan da za ta zo,” in ji tsohuwa, “ta iya riƙe tsinken cin abinci, ko sai an ɗura mata?”

“Za ta koya, Mama.”

“A ina za ta kwana? A kan firij?”

Dai Heng ya duƙufa yana cire wa Duoduo ƙaya daga kifi, kamar aikin gada aka ba shi. Tsohuwa ta dube shi, ta dubi surukarta, ta ajiye kwano.

“Ni sai in koma gida. Rufin ɗakina ma yoyo yake.”

“Haba Mama, wace irin magana ce wannan? Ina za ki? Nan ne gidanki.”

Kowa a teburin ya san yadda ake yi. Babba ya ce zai tafi, a hana shi. Ya sake faɗa, a sake hanawa. A na uku ne ake fito da abin da ke ciki: in ana son zamansa a riƙe masa hannu, in ba a so a ce, to, ya je ya ɗan huta. Wenlan ta riga ta tanadi amsarta ta uku, har ta gwada ta a gaban madubin kanti: “Tunda kin matsa, Mama, je ki huta wata biyu, kin sha wahalarmu.”

Na biyu ya zo ranar Lahadi da safe. Wenlan ta shiga ɗakin tsohuwa don ɗaukar hoton da aka nema, ta tura tulunan ganye bayan ƙofa, ta sauke busasshen naman da ke rataye a jikin taga. Tana juyowa ta ga mai ɗakin a tsaye da kwandon cefane.

“Ɗauki da kyau. Ki matsa hagu, ta nan rana ke shigowa.”

“Na ofis ne kawai, Mama. Za mu san yadda za a yi.”

“Yadda za a yi shi ne in tafi. Tsohuwa da Baturiya a gida ɗaya, wa zai ji yaren wani?”

Wenlan ta ajiye wayar, ta karɓi kwandon daga hannunta. “In kika tafi Duoduo ba za ta ci abinci ba. Ni ma ban yarda ba.” Ita kanta ta ji daɗin yadda maganar ta fito.

Ranar Laraba ofishin ya turo yarjejeniyar da za a sa hannu. Wenlan ta karanta ta a bayan teburin kanti lokacin hutun rana, da alƙalami a hannu, yadda take karanta takardar likita. Baƙuwa za ta kula da yarinya awa talatin a mako, ba ƙari. Tana da hutun kwana ɗaya da rabi. Safiya uku tana makaranta. Ba ta girki, ba ta share gida, ba ta wankin manya, ba a barin ta da yaro marar lafiya. Za ta ci abinci sau uku a teburin iyali.

Ta kira Malama Pei. “Abinci sau uku ɗin nan, wa zai dafa?”

Malama Pei ta yi dariya. “Wa ke dafawa yanzu?”

“Kakarta.”

“To ai kin gama. Gidajen da ke da kaka su suka fi jin daɗin shirin nan. 'Ya ce za ku ƙara, Maman Duoduo, ba mai aiki ba.”

Wenlan na fita daga gida ƙarfe bakwai da rabi, ta dawo bakwai na yamma, har Asabar. Dai Heng kan yi sati a wurin aiki bai kwana gida ba. Ta zauna tana tuna abin da take tararwa kullum: yarinya an yi mata wanka, miya a kan wuta, kaya a ninke. Ta daɗe tana kallon waɗannan abubuwa kamar ruwan famfo, mai zuwa da kansa. Kafin ta tashi daga kujerar ta yanke shawara: Duoduo ta dawo ɗakinsu, Bethan ta shiga ƙaramin ɗakin, ai shi ma da ƙofa da taga. Tsohuwa ta zauna.

Na uku bai zo ba sai Asabar. Wenlan ta ɗauki hutun rabin rana, ta tarar da surukarta a kicin tana naɗe ƙullin fulawa da nama, tire uku sun cika, tana jera na huɗu.

“Wannan duk na wane ne?”

“Na firij. Zai kai ku wata guda in uban Duoduo bai yi haɗama ba. Jibi zan tafi, jirgin ƙasa na safe.”

Wenlan ta kama hannun da ke cike da gari, ta riƙe da hannu biyu. “Mama, kada ki tafi. Na gyara tsarin, ɗakinki na nan. Nan ne gidanki. In kika tafi…” Ta tsaya. Duk abin da ya zo bakinta ta riga ta faɗe shi, sau ɗaya a tebur, sau ɗaya a ɗaki, kuma a can ya fi daɗin ji.

“Da gaske nake,” ta ce.

“Na sani, 'yar nan.” Tsohuwa ta zare hannunta a hankali, ta ɗauki wani faifan fulawa. “Uwarki ta yi tarbiyya. Surukar Tsohuwa Kang ta ƙauyenmu ko sau ɗaya ba ta hana ta ba, jaka ta ɗauko mata. Ke har uku. Zan ba da labarinki a ƙauye.”

“Ba ladabi nake yi ba, Mama.”

“Haka ake cewa a na uku.” Ta matse bakin ƙullin da yatsa biyu. “Tikitin ma tun ranar kifin nan na sa ɗana ya saya min. Bai gaya miki ba? Halin ubansa.”

Ko tsohuwa ta gane gaskiyar roƙon ta yi kamar ba ta gane ba, ko kuwa shekara biyar tana jiran wanda zai buɗe mata ƙofa, Wenlan ba ta iya rarrabewa ba. Fuskar matar ba fushi, ba murna. Ta dai ce a riƙa sa wa Duoduo safa, ƙafarta ba ta son sanyi.

Ranar Litinin Dai Heng ya kai uwarsa tasha, daga can ya wuce wurin aiki. Wenlan ta kai Duoduo makaranta da kanta, ta makara zuwa kanti da minti ashirin. Saura kwana tara Bethan ta sauka. Da rana ta koma bayan teburin kanti, ta nemo lambar makarantar, ta gaisa da malamar, sannan ta tambaye ta ƙarfe nawa ake tashin yara.

“Huɗu da rabi,” in ji malamar. “Kamar kullum. Yau ba kakarta ce za ta zo ba?”

Wenlan ta ce za ta sake kira.